Inna Na Kwance Da Karaya, Rumbunta Kuma Kara Ne A Ciki

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ga ya hana ni cin abinci.

Ina aure a Isa, mahaifiyarmu na Unguwar Lalle tare da yayana. Kwanan baya Inna ta tashi daga alwala, ƙafa ta ɗan zame, ta zauna daɓas, shi ke nan ƙashin ƙugu ya karye. Faɗuwar da ko yaro ba zai yi kuka ba. Muka kai ta Sakkwato aka yi hoto, likita ya ce tun da al'ada ta ɗauke mata ƙashinta ke zaizayewa, ɗorin gida ba zai kama ba, sai tiyata a sa ƙarfe, ga magani na dogon lokaci. Da aka faɗi kuɗin, na san sun fi ƙarfinmu.

Inna ko a jikinta. Ta ce kar mu roƙi kowa, a buɗe rumbunta. Geron gonarta ne na shekarar da aka samu damina, ta sa aka liƙe shi, duk farin nan da muka sha ba ta yarda an taɓa ba, wai na ranar ciwo ne. Da tsadar gero bana, ya isa aikin.

Na koma gida na sa aka buɗe. Dammunan sama gero ne. Ana ɗaga su, wallahi kara ne har ƙasa, an ɗaure shi tsaf kamar dami. Wannan ɗaurin shi ya fi ƙona mini rai, mutum ya zauna ya ɗaure kara don ya yaudari uwarsa.

Na tare Yaya, da farko ya ce gara ce. Na ce garar da ta iya ɗauri? Sai ya koma wai gida ya ciyar, har Inna ta ci. Maƙwabta kuwa sun gaya mini ƙetare ya riƙa kaiwa Nijar, babur ɗin da yake hawa daga nan ya fito. Na ce ya sayar da shi, ya ce da me zai nemi abinci, kuma in na gaya wa Inna hawan jininta ya tashi, alhaki na wuyana. Yanzu so yake a maido ta a kai wa mai ɗori.

Ni ba ni da abin sayarwa sai akuyoyin da fari ya ramar. In na kai shi wajen mai gari, maganar za ta iso kunnenta. In na yi shiru, ƙila ba za ta sake takawa ba.

Jiya kafin in baro asibiti ta riƙe hannuna ta ce in an auna geron a ware wa Yaya dami biyu, ladan gadi, yaron kirki ne. Na ce to. Gobe za ni koma asibiti, kuma na san za ta tambaye ni nawa aka samu. Me zan ce mata?