Makullin Tsibirin Agwagi

Ni Eilif Tangstad, haifaffen Ternvik, mai digiri a fannin tarihi, ina rubuta wannan wasiyya cikin cikakken hankali da tsayayyen tunani. Ciwon da ke jinina ya cinye jiki, bai taɓa ƙwaƙwalwa ba, kuma likitoci sun tabbatar mini da wuya in ga narkewar ƙanƙarar bana. Sunniva da Torgrim, ku yara ne. Mahaifiyarku Ingvild za ta karanta muku yanzu, ku maimaita da kanku ranar da kuka mallaki hankali.

1. Gidanmu na bakin tashar jiragen ruwa na mahaifiyarku ne muddin ranta, bayanta naku ne ku biyu. Bangon da ke fuskantar teku fari ne, sauran ja. Kada ku gyara. Zamanin da farin fenti ke da tsada, kakanninmu sun shafa shi ne kawai inda baƙin jirage za su hango. Falsafar Ternvik ke nan dungurungum. Kifi ya kafa garin, gobara ta lashe shi, kifi ya sake gina shi, sannan ya yi ƙaura ya bar mu da masana'anta a garƙame, amma har yau mutumin nan bai yarda a hango rashinsa daga teku ba.

2. Kundin bincikena kan asalin garin na Sunniva ne. Fasto kaɗai ya karanta shi, ya ce mini, "Eilif, na kai ƙarshe, Allah ya shaida haƙurina." Ra'ayinsa ne. Hujjojina suna nan daram.

3. Kwalekwalen na Torgrim ne, tare da nauyin da ke biye da shi. Duk kaka, maƙwabcinmu Halvdan ke tara mutane a jawo jirage tudu kafin guguwar hunturu. Ba a gayyata sau biyu, ba a kuma godiya. Wanda ya ƙi kama igiyar wani, nasa jirgin a ruwa zai kwana.

4. Yanzu ga muhimmin al'amari. Muna da ƙaramin tsibiri a bakin mashigar teku, da bukka ɗaya, da ɗakunan duwatsu na agwagin teku. Tsuntsayen daji ne, ba mallakin kowa ba, amma tun zamanin kakar kakata akwai yarjejeniya tsakaninmu. Kafin su iso, mukan share ɗakunan, mu shimfiɗa busasshiyar ciyawar teku, mu tare a bukkar muna tafiya a hankali, muna korar hankaki. Su kuma, idan sun ƙyanƙyashe sun koma ruwa, sai su bar mana lallausan gashin ƙirjinsu, wanda ake cusa wa bargo. Sharaɗin ɗaya ne: shekarar da suka tarar da ɗakunan a jiƙe babu kowa, za su nemi wani tsibiri, kuma ba sa waiwaye. Gidajen da suka yi sakaci a garin nan, duwatsu kawai suka gada.

5. Kun san ba ma magana da ƙanwata, gwaggonku Gunvor. Ga musabbabin, don kada ku ji shi a karkace a kanti. Ba a kai kyanwa tsibiri lokacin kwancin ƙwai. Wannan doka ta girmi cocin garin. Gunvor ta saka muzurunta mai suna Bishop a kwando ta haye da shi, wai ba ta da wanda za ta bar wa. Ya kashe tsohuwar agwagwar da ke kwanci ƙarƙashin dokin ƙofa tun Inna na da rai. Na sauya kwaɗon bukkar. Ta tsaya a kan gadar jirage gaban masunta ta ce, "Yaya Farfesa, agwagwa ce ta mutu, ba sarauniyar ƙasa ba. Ka jiƙa makullinka ka sha!" Tun ranar, a coci ita dama, ni hagu.

Hukuncina daidai yake bisa kowane ma'auni, kuma ban janye ko harafi ba. Sai dai mahaifiyarku mutuniyar Oslo ce, ko hango igiyar ruwa ta yi sai jiri ya kwashe ta. Ku kuma ba ku isa riƙe matuƙi ba. A duk Ternvik, mutum ɗaya ya rage da agwagin nan suka san takunsa.

6. Saboda haka na yi umarni. Makullin yana rataye bayan murhu. Da zarar an binne ni, ku biyu za ku kai wa gwaggonku shi hannu da hannu, ba ta hannun fasto ko Halvdan ba. Ku ce, "Gwaggo, agwagi sun kusa." Za ta yi tsaki, za ta tambaya ko na ba da haƙuri. Ku faɗa mata gaskiya, ban bayar ba. Sannan ku miƙa mata bargon da Inna ta cusa da hannunta, wanda nake kwance a ƙarƙashinsa yanzu. Kulawar tsibirin tata ce har ku girma, bisa sharaɗin ta riƙa tafiya da ku.

7. Bishop ba zai sake taka tsibirin ba. Duk lokacin kwanci a gidanmu zai zauna, mahaifiyarku ta amince za ta ciyar da shi. Ta haka uzurin Gunvor ya faɗi, kuma dole ta shigo gidan nan sau biyu a shekara, ranar kawo shi da ranar ɗaukarsa. Ku ɗora kofi, ku riƙe ta har ya huce.

Ubangiji ya raya ku, ya tsare ku a tudu da kan ruwa, ya ba mahaifiyarku ƙarfin zuciya. Ku zauna benci ɗaya a coci, ku da gwaggonku. Kada agwagin nan su iso su tarar da ƙofa a kulle.

Mahaifinku,
Eilif Tangstad