Kwabon da aka kankare fuskar ɗa

An haifa mini jika namiji! Ranar Asabar da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya muna jira. Ki yi haƙuri Malama Münevver, ban ko gaishe ki ba. Ina yini, yaya aiki. Don Allah ki taimake ni, a cikin murnar nan na yi ɓarnar da ban san yadda zan gyara ba, ga shi Juma'a ce walimar suna.

Shekarata saba'in da ɗaya, magini ne ni a wani ƙauye kusa da garin Yatağan, nan ƙasarmu Turkiyya. Sai da na kai arba'in da takwas na shiga ajin yamma na manya na koyi karatu, saboda haka in wasiƙar ta yi yawo ki bi ni a hankali. Tun lokacin nake tara tsoffin kuɗin ƙarfe na Rumawa, iri ɗaya kawai, waɗanda aka buga uba da ɗansa a kai. Ina da takardar izini daga gidan tarihi, sukan zo su duba. Marigayiya matata Zühre takan ce na fi sanin 'ya'yan matattun sarakuna a kan nawa.

'Ya'yana biyu, Nevzat babba, wanda aka yi wa haihuwar, da ƙaninsa Korhan. Shekara uku ke nan ba sa magana. Kamfanin haƙar kwal ya karɓi gangaren da itatuwan zaitun na mahaifiyarsu suke, Korhan kuwa direban katafila ne a kamfanin, kuma shi aka tura ranar da za a tuge itatuwan. Ya ce da bai hau ba wani zai hau, ya rasa aikinsa a banza. Nevzat ya ce wanda ya tuge abin da uwarsa ta dasa ba ƙaninsa ba ne. Ni ban ce komai ba. Ina zuwa gidan kowa in sha shayi in dawo.

A al'adarmu kowa yakan maƙala zinariya a matashin kan jariri. Ni na daɗe da ware nawa, kwabon tagulla mai uba a tsaye a tsakiya, ɗa a dama, ɗa a hagu. Na so ya yi mini maganar da na kasa yi. Da aka bugo waya daga asibiti na tashi ba tabarau, na zari ambulan daga akwati, na juye a 'yar jakar jan ƙyalle, na maƙala wa yaron ina hawaye.

Ashe wani na ɗauko. A wannan, uban yana fuskantar ɗansa, amma an kankare fuskar ɗan da ƙarfe, uban yana kallon wofi. Da na saye shi na ɗauka tsufa ne ya cinye wurin. Ma'aikaciyar gidan tarihi ce ta gaya mini 'ya'yan sarkin biyu ne, bayan uban ya rasu wan ya kashe ƙanin, ya sa aka bi kuɗin ana share fuskar ƙanin. Korhan ne ya kai ni gidan tarihin a mota ranar, tun kafin rigimar, har ya yi dariya ya ce, "Baba, ka ɓoye wa Yaya Nevzat wannan, kada ya samu dabara."

Ƙanwar matar Nevzat ta buɗe jakar, ta ɗauki hoto ta saka a zauren iyali na waya, ta rubuta kyautar kaka. Kafin in iso gida Korhan ya rubuta, "Na gane, Baba. Allah ya raya." Ya fice daga zauren. Ina kira ba ya ɗauka. Matarsa ta ce mini ya ce mutumin da ya san kowane kwabonsa da taɓawa ba zai yi irin wannan kuskure ba.

Na koma wurin Nevzat na roƙe shi mu canza. Ya ce ba a karɓe kyautar jariri, maijego za ta ɗauka mugun abu ne. Sannan ya ƙara da cewa wataƙila hannuna ya fi bakina gaskiya. Wannan maganar har yanzu tana ci na.

Na yi tunanin in ce gidan tarihi ne suka nemi a mayar da shi, tunda dama ban sanar da su zan fitar ba. Ko hakan ya yi? Ni zan yi wa yaron huɗuba a kunne in kira sunansa sau uku, kuma ba na so in yi haka baffansa ba ya ɗakin. In Korhan bai zo Juma'a ba, na san halinsa, ba zai ƙara zuwa ba.

Duk da haka ki zo, masu karanta shafinki ma su zo. Bayan sallar Juma'a ne, za a dafa alkama da nama a manyan tukwane. Ku zo ku gan shi, kunnuwan gidanmu ya ɗauko, manya-manya.

Kakan jariri, Yatağan

*

Baba, Allah ya raya yaro, ya ba maijego lafiya.

Ka bar zancen gidan tarihi. Ka sanar da su abin da ya kamata ka sanar, amma kada ka laɓe a bayansu. Zai iya dawo maka da kwabon, sai dai Korhan zai ji cewa doka ce ta sa ka karɓe, ba shi ba.

Na yarda kuskure ne. Amma ka tambayi kanka me ya sa ɗanka ya gaskata hoto nan take. Shekara uku yana zuba maka shayi yana jiran ya ji matsayinka a kan itatuwan nan, kai kuwa ka yi shiru, har ka ɗora wa tagulla aikin bakinka. Da kwabon da ka yi niyya ne ya isa, shi ma ba zai wadatar ba.

Ka daina kira. Gobe ka je gidansa da ƙafarka, ka riƙe kwabon mai 'ya'ya biyu ya ga wanda ka ware. Ka faɗi yadda aka yi sau ɗaya, ba rantse-rantse. Sannan ka gaya masa abin da ke ranka game da zaitun. In ya yi maka ciwo ka ce ya yi, in ka yafe ka furta. Kada ka ce ka yafe in ba ka yafe ba, zai gane.

Nevzat ma yana da nasa. Uwarsa ya rasa, sannan ya ga an tuge abin da ta bari, kuma maganar da ya yaɓa maka ta mai jin zafi ce. Kada ka nemi ya rungumi ƙaninsa ranar Juma'a. Abu ɗaya za ka roƙa, in Korhan ya zo kada a tare shi a ƙofa. Ka zauna da surukarka maijego ka ba ta labarin kwabon tun daga farko. Ba na jin akwai uwar da za ta so labarin kisan ƙani a matashin ɗanta, ita da kanta za ta miƙo maka. Dama tsohuwar tagulla mai tsatsa ba abin ajewa kusa da jariri ba ce.

Mai yiwuwa Korhan ba zai zo ba, kwana uku sun yi kaɗan ga shekara uku. In haka ta faru ka yi huɗubarka, kada ka ɗaga suna, kada ka ambaci rashinsa a gaban baƙi. Washegari ka ɗauki kwanonsa na abincin walima ka kai masa da kanka, ka sake komawa mako mai zuwa.

Na gode da gayyata. Allah ya sa a yi taro lafiya, ya daidaita tsakanin 'ya'yanka kana raye.

Münevver