Tungar Makau Ta Ɓata a Fom

Tungar Makau, Litinin

Aminina Halilu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya a Anka, kai da Asabe da yara. Yaya ƙafar Inna?

Ka san fom ɗin intanet da ƙungiyarmu ta manoman shinkafa ta fitar don rabon iri. Akwati biyu ne: ka zaɓi ƙaramar hukuma a na sama, sai na ƙasa ya sauko da sunayen ƙauyukanta. Na zaɓi tamu, Bukkuyum. Ƙauyuka suka sauko, har da wanda gida uku ne da rijiya, amma babu Tungar Makau. Na goge tabarau na sake dubawa. Gida talatin da ɗaya ne, Halilu, kuma ranar Alhamis za a rufe rajista.

Wa ya haɗa fom ɗin? Hasana 'yar Barau. Barau kuwa, tun da na kayar da shi a zaɓen sakatare bai ƙara amsa sallamata da baki ba, sai dai ya gyaɗa kai. Ni dai ban ce komai ba. Amma na karanta tarihi, na san ana shafe gari ba a zare takobi ba. Kai da kake kusa da ofishin ƙungiya, bincika mini a asirce.

Naka,
Muttaka

Tungar Makau, Laraba

Halilu,

Ina gaisuwa, a gaishe da Inna. Direba ya kawo amsarka, kuma na lura da wurin da dariya ta karkata maka rubutu.

Na zaɓi Gummi kamar yadda ka ce, sai ga Tungar Makau zaune cikin ƙauyukan Gummi, inda kason iri ya riga ya ƙare. Na ce lallai korar mu aka yi. Na sa babbar riga na tafi gidan Barau da jawabina a shirye.

Hasana ta durƙusa ta gaishe ni, ta ɗauko littafin rajistar da ta kwafi sunayen daga ciki. Rubutuna ne. Shekara shida ina rubuta "Tungar Makau, Gummi", don can muke cin kasuwa, can wasiƙunmu ke sauka. Ta mayar da mu Bukkuyum kafin in shanye furar da aka kawo mini. Duk gidajen sun shiga.

Barau ya rako ni har bakin hanya, ya yi mini sallama da baki, yana ta fara'a. Fara'ar nan ce ban yarda da ita ba. Zaɓe saura wata biyu.

Ka ƙona wasiƙata ta farko, kada ka ba Asabe ajiya.

Naka kullum,
Muttaka