Babur Biyu da Ƙararrawar Kekenka

Zuwa ga mahaifina, Malam Abdullahi mai gyaran keke na Moshi Zongo, Allah Ya jiƙan ka.

Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin wanda ka koya mini, ina fatan Allah Ya yalwata makwancinka. Ka san ni ba mai yawan magana ba ne, kai ma haka kake. Mun yi shekaru a rumfa ɗaya, ina miƙa maka sifana kana karɓa, amma duk abin da muka faɗa wa juna a shekarun nan ba zai cika wannan takarda ba. Na rubuto ne a kan wani al'amari wanda da kana nan da ka yanke shi kafin ruwan shayi ya tafasa. Ni kuwa, da duk karatun jami'ar da ka tura ni, sai da ya ci mini wata guda.

Bari in fara da Mma, mahaifiyata. Gyambon nan na ƙafarta ta hagu, wanda ka bari ƙarami, ya buɗe. Likita ya ce a riƙa kawo ta asibiti sau biyu a mako a wanke a ɗaure, ya kuma ce idan aka yi sakaci, maganar da za mu yi nan gaba ta ƙafar ce, ba ta gyambon ba. Ba ta iya takawa zuwa can. Motar haya ba ta shiga lungunmu. Na gwada ɗaukarta a kekenka, muka kusa kifewa a bakin kwalbati, ta rantse ba ta ƙara hawa. Saboda haka na yanke shawarar sayen babur, irin sababbin nan masu ƙananan ƙafafu da ake zama a kansu kamar kujera. Iri biyu ne a garin nan. Kuɗin ɗaya zai sayi biyu na ɗayan.

A babban kantin da ke kusa da kasuwa ake sayar da su. Ba ka ga ranar da aka sauke tutar Turawa ba, Baba, don haka bari in gaya maka abin da suka bari. Sun bar kantin, sun kuma bar wani akawu a cikinsa, ɗan ƙasa kamarmu, wanda bai gaji komai nasu ba sai magana ta hanci.

Ranar Asabar na fara zuwa. Daga gonakin Gumani nake, inda aikin gwamnati na duba shuka yake kai ni, sanye da batakarina, rigar saƙin nan ta mutanen karkara, jar ƙasa har gwiwa, a kan kekenka. Mai tsadar yana gaban kanti, an ɗora shi a kan dandamali, launinsa kamar madara, da tambarin ƙarfe mai sheƙi a goshinsa. Na miƙa hannu in taɓa mazaunin baya, don in ga ko zai ɗauki tsohuwa. Akawun ya yi gyaran murya daga inda yake zaune, bai ko tashi ba. Ya ce, "Wannan ba na taɓawa ba ne. Naka yana can baya." Ya nuna mini da haɓa. Can baya, tsakanin buhunan siminti da fitilun ƙwai, mai arahar yana jingine, baƙi, ba tambari sai wasu haruffa da aka shafa da fenti.

Na janye hannuna. Na yi masa sallama na fita.

Ranar Litinin na koma, daga ofis, cikin kwat da taye, tare da Yakubu. Za ka tuna shi, ɗan mai goron nan na bakin masallaci, wanda ka sha liƙe wa tayar keke ba ka karɓi ko kwabo ba. Yanzu ofishinmu ɗaya. Ya daina amsa Yakubu, sai Mista Y. B., kuma idan ya gaishe da tsofaffin unguwa hannunsa ɗaya na cikin aljihu. Shi ne ya fara sayen mai tsadar a cikinmu. Da ƙafa muka taka zuwa kantin, domin ya ce likita ya umarce shi da yawan tafiya a ƙasa.

Akawun nan dai, shi ɗin, ya taso da gudu ya kawo mini kujera, ya goge ta da hannun rigarsa. Ya riƙe mini mai tsadar ya ce in hau in ji. Da na ce ina so in duba na bayan ma, sai ya yi dariya kamar na yi barkwanci. Ya kira ni da "Masa", yadda ake kiran Bature, ya ce, "Wancan na manoma ne. Ba na irinku ba ne."

Tsakanin Asabar da Litinin, Baba, fuskata ba ta canza ba. Tabon nan da sarƙar keke ta yi mini a goshi yana nan inda yake. Mutumin bai gane ni ba ne kawai, domin bai taɓa duban fuskar kowa ba. Da riga yake ciniki. Na yi shekaru ina karanta yadda Turawa suka raba mu gida-gida, ban san cewa sun bar mana ma'aikatan da za su ci gaba da rabon kyauta ba.

Yakubu kuwa ya dafa kafaɗata ya ce, "Araha ba ta ado." Ina tsammanin karin maganar da ta rage masa ke nan a Hausa, shi ya sa yake tattalinta. Ya ce mutum mai digiri ba kansa kaɗai yake ɗauke da shi a kan hanya ba, yana ɗauke da mutuncin sabuwar ƙasa. Ya ce idan manya suka gan ni a kan abin manoma za su san inda za su ajiye ni. Ka san kulob ɗin nan da Turawa suke shan iska, wanda a da ba ma wuce ƙofarsa? Yanzu su Yakubu ne a ciki. Da yamma sai su jera baburansu a bakin baranda, kowane tambari yana fuskantar titi, su zauna a bayansu suna kallon masu kallonsu. Iyakar abin da suka fahimta game da mulkin kai ke nan: an canza masu zama a baranda.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi yi mini nauyi. Na kusa sayensa. Ba don ina sonsa ba, ba kuma don maganar Yakubu ba. So nake in koma cikin batakarina, in nuna wanda ba na taɓawa ba, in sa akawun ya turo mini shi da hannunsa har bakin titi. Kwana goma ina jin daɗin wannan tunani a ɗakina na Nyanshegu. A cikin kwana goman nan sau uku Mma ta rasa zuwa asibiti. Duk rainin da na yi wa mutanen can, ka ajiye mini kasona a ciki, na cancance shi. Akawu yana auna mutum da riga, ni kuma ina shirin sayen babur don akawu.

Abin da ya dawo da ni maganarka ce, wadda kake yi wa duk wanda ya zo neman shawarar sayen keke: "Mai sayarwa ya san ranar farko, mai gyara ya san sauran kwanakin." Sai na tafi wurin Kawu Salifu, abokin rumfarka. Yana nan da ransa, idonsa ya fara rauni, amma ya koyi gyaran babur kuma hannunsa bai tsufa ba.

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan rumfa. A ƙarƙashin darbejiya ga masu tsadar nan guda uku a jere, an lulluɓe su da buhu. Kowanne yana jiran wani ɗan ƙarfe da bai kai yatsa ba, wanda sai ya hau jirgin ruwa, ya sauka bakin teku, ya kwana Kumasi, kafin ya san hanyar Tamale. Wata kaza ta yi ƙwai a wurin sa ƙafar ɗaya. Kawu ya ce mai na tsakiya yana zuwa duk Asabar da bokiti ya wanke shi, ya goge, ya sake rufewa. Na ƙarshen ba shi da tambari, sai ramuka biyu a goshi. Na tambayi dalili. Kawu ya ce da irin Hausarsa, "Mai shi ya kwance ya tafi da shi gida, wai kar ɓarawo ya ɗauka. Mashin ɗin dai ɓarawo ba ya so." Sannan ya ƙara da cewa, "Ai ka san shi. Yaron mai goro. Wata biyu ke nan."

A nan na gane likitan da ya umarci Mista Y. B. da tafiya a ƙasa.

Duk da haka ban so in yanke hukunci da dariya ba, domin ba haka kake yi ba. Na tuna yadda kake kifa keke, ka juya ƙafarsa, ka rufe ido ka saurara, mai keken yana ta bayani kai ba ka jinsa. Na ɗauki Kawu muka koma kantin, na sa aka tayar da duka biyun, na rufe idona.

Ba zan yi maka ƙarya ba. Mai tsadar ya fi. Ƙararsa a daidaice take, kamar sabon keken ɗinki a ƙafar gwanin tela, ba abin da ke karo da wani. Da ka ji shi da ka gyaɗa kai. Waɗanda suka ƙera shi sun san aikinsu, kuma ba su nake rainawa ba. Mai arahar yana tari kafin ya tashi, akwai kuma wani abu a cikinsa da ke kaɗawa kamar cokali a kwano.

Kawu bai saurari ko ɗaya ba. Ya kwanta a ƙasan kantin, akawu yana kallonsa kamar ya ga akuya a masallaci, ya leƙa ƙarƙashin kowanne. Da ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Wannan kwano ne a rufe. Wancan keke ne da ya ci ya ƙoshi." Mai arahar bututun ƙarfe ne a fili, duk inda ka sa ido ka ga abin da ke riƙe da wani. Wayar birkin keke tana shiga nasa. Mazauninsa dogo ne shimfiɗaɗɗe, mace za ta zauna a karkace da zanenta ba ta buɗe ƙafa ba, kuma akwai inda za a yi waldar mataki don ƙafar mai ciwo. Mai tsadar kuwa ɗan sirdi ne a baya, a ɗage, kamar an yi shi don hoto. Na tambayi akawu ko za a iya yi masa mataki. Ya ce ba a kusantar jikinsa da wuta, kuma ba mai buɗe shi sai mutumin kamfani. Na tambayi inda mutumin kamfanin yake. Ya ce bakin teku.

Gaskiyar Yakubu ce, araha ba ta ado. Amma ba ado likita ya ce a kawo masa sau biyu a mako ba.

Na sayi mai arahar cikin batakarina. Akawun bai turo mini shi bakin titi ba, ni ma ban nema ba. Kawu ya yanko ƙarfen kayan da ke bayan kekenka ya yi wa Mma mataki da shi. Ka yafe mana wannan. A makon farko odar baburin ta mutu, kamar yadda ya dace da kuɗinsa. Kawu ya ce zai duba, na ce ya bari. Na kwance ƙararrawar kekenka na ɗaura a hannun baburin na dama.

Yakubu ya gan ni a bakin ofis. Ya tara mutane ya ce, "Ku zo ku ga karaci mai digiri da ƙararrawar keke." Karaci dai, yadda garin nan ke kiran duk mai riƙe da alƙalamin gwamnati. Na jira suka gama dariya. Sannan na tambaye shi jiki, na ce ko likita ya faɗi ranar da zai daina tafiya a ƙasa, domin na ga kazar Kawu Salifu ta kusa ƙyanƙyasa. Tun daga ranar ba mu sake zancen babur ba. Wataƙila manya sun ajiye ni inda ya ce za su ajiye ni. Ban je na duba ba.

Mako shida ke nan ba mu rasa ko rana ɗaya ba. Sau biyu ya mutu mana a hanya, sau biyun kuma da sifanarka na tashe shi, Mma tana zaune a inuwa tana ba ni umarni kamar ita ta ƙera shi. Gyambon ya fara haɗe baki. Likita ya daina maganar ƙafa.

Akwai abu ɗaya da ya rage, shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar da na fara zuwa ɗaukarta bayan na ɗaura ƙararrawar, na tsaya a ƙofar gida na kaɗa ta sau biyu, ban yi tunanin komai ba. Na manta cewa haka kake yi idan ka dawo daga rumfa. Jim kaɗan sai ga Mma a zaure, tana dogara sanda, da moɗar ruwa a ɗaya hannun, kamar yadda ta yi maka shekara talatin. Ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi baburin, ta dubi ƙararrawar. Na kasa ɗaga kaina.

Ta miƙo mini moɗar ta ce, "Sha, tunda an riga an ɗebo."

Na sha, Baba. Ruwanka ne, na sani, amma na shanye.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da alheri a kan kowace taya da ka liƙe ba ka karɓi komai ba. Allah Ya ba Mma lafiya, Ya bar mana ita da ƙafafunta biyu. Ni kuma Ya tsare ni daga auna mutum da rigarsa, da kuma sayen abu don idon wanda ba ya gani.

Ni ne ɗanka, mai miƙa maka sifana,
Iddirisu