Tukunyar da Kika Bar Mana

Zuwa ga Adda Rifkatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya a can kudu inda bautar ƙasa ta kai ki. A fili na rubuta wannan a waya don 'yan hostel ɗin makarantarmu su gani, tunda abin da ke cikin waya kaɗai suka iya karantawa.

Kin tuna yammacin Lahadi a baranda? Ki kawo doyar gidanku ta Zing, in kawo man shanu, 'yan Ibi su kawo busasshen kifi, duk a babbar tukunyarki. Kowa da cokalinta. Kafin a ci sai kin bi fuskokinmu da kallo, ki ce, "Wadda ba a ga cokalinta ba, a je a buga mata ƙofa."

To, bayan tafiyarki aka naɗa mana Kwamitin Haɗin Kai. Shugabarsu ta ce girki a baranda ƙauyanci ne. Suka ɗinka riguna iri ɗaya, suka buɗe guruf a waya, kullum hoto ana turo baki. Tukunyarki kuwa a ciki suke jiƙa wanki.

Makon jiya zazzaɓi ya kwantar da Na'omi, wata 'yar Iware da ta shigo bana. 'Yan ɗakinta sun tafi gida, ni ma haka. Ta rubuta a guruf cewa ba ta da lafiya. Adda, da kin ga hotunan zuciya da aka yi ta tura mata! Shugaba har da dogon saƙon murya. Amma ba wadda ta taka ƙofarta, alhali ɗakin shugabar yana kallon nata. Da na dawo, ko kofin ruwa Na'omi ba ta iya ɗagawa. Na kai ta asibiti, sai ga kwamiti cikin rigunansu, wai sun zo dubiya. Hoto suka ɗauka suka tafi. Wallahi kunya suka ba ni.

Na zubar musu da jiƙonsu, na wanke tukunyar tas. Jiya Lahadi na ɗora doya. Mu biyu ne kawai, ni da Na'omi da aka sallamo daga asibiti, kewarki ta kama ni har na yi ƙwalla. Na gaya mata abin da kike faɗa kafin a ci. Ta ajiye cokalinta, ta miƙe tana dafa bango, ta fara da buga ƙofar shugaba.

Allah ya tsare mana ke, ya dawo da ke Jalingo lafiya.

Ƙanwarki,
Dija