Dutsen Wasa Wuƙa

Daren Laraba, Umdurman

Dutsen wasa wuƙa na Malam, maigidana, ya fashe yau a kasuwa, wani ɓalli ya yanki gefen kunnensa ya huda kwanon rumfa. Ya dawo a raksha, keke mai ƙafa uku, da jini a wuyan jallabiya.

Satin da ya wuce ya ɗaura dutsen a sabon inji mai gudu, don wuƙaƙen layya sun yi yawa. Nafisa ta ce, "Baba, abin da ke juyawa jan kansa waje yake yi, kuma wahalar ta fi yawa a bakin ramin tsakiya. Ƙarfe yakan ɗan miƙe kafin ya gaza. Dutse tarwatsewa yake yi."

Na tsawata mata, na ce jami'a ba ta ba ta izinin koya wa ubanta sana'arsa ba. Ban janye maganar ladabi ba, ba a gyara wa babba a gaban ƙanne. Amma gaskiya ta faɗa, kuma ni na rufe mata baki.

Ita ta wanke masa ciwon. Shi kuwa wai gobe zai ɗaura ɗayan dutsen da ke ajiye a gida, Sallah ba ta jira.

Da ya tafi masallaci na ce, "Nafisa, zo kama mini." Muka tura dutsen ƙarƙashin gadona. Ban taɓa ɓoye wa Malam ko allura ba, Allah ya yafe mini. Da safe zai yi faɗa. Ya yi, in dai da ido biyu zai harare ni.