Ƙorafi Kan Ɗanyen Katakon Fayin da Aka Bar Ni Na Saya

Daga: Tsohon kafinta na bayan tashar mota
Zuwa ga: Mai girma Shugaban Ƙungiyar Masu Sayar da Katako
Ranar 14 ga Afrilu

Game da: Mai shagon da ke kusa da injin yanka

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ban taɓa zama a aji ba, 'yata ce ke rubutawa, amma maganar tawa ce. Ni ne wanda zarto ya ci wa yatsa biyu, gobara ta cinye masa shago, kuma har yau ina riƙe da guduma.

1. Ranar 2 ga wata na je sayen fayin, farin katakon nan mai laushi da ƙamshi, wanda ƙusa ke shiga ba gardama. Shugaban makarantar unguwarmu ne ya ce in yi benci ɗaya ya gani kafin ya ba ni aikin ajujuwa.

2. Mai shagon ya ce katakon bai gama bushewa ba. Sau ɗaya ya faɗa, a hankali, kai a sunkuye. Na shinshina, na ƙwanƙwasa, na sanar da shi cewa tun ba a haife shi ba hancina ke tantance katako. Sai ya yi shiru ya ɗora mini a amalanke. A kan wannan shirun nake kawo ƙara.

3. Benci ya yi kyau, na ajiye shi a rana don jama'a su gani. Ranar 9 shugaban makaranta ya zo da farar riga ya zauna. Ashe zafi ya fito da ƙaro daga idon katakon. Da ya miƙe, bencin ya so ya bi shi. Washegari allon zaman ya lanƙwashe kamar kwale-kwale.

4. Shugaban makarantar ya ba ni zuwa ƙarshen hutu in kawo wani bencin, in ba haka ba aikin ya tafi. A shekaruna ba a kawo mini irinsa sau biyu.

Don haka ina roƙo a sa mai shagon ya canza mini sauran allunan da busassu, a kuma umarci 'yan ƙungiya su riƙa yi wa tsofaffi musu da ƙarfi. Idan bincike ya nuna laifina ne, a kira ni gefe a gaya mini, kada uwar 'ya'yana ta ji.

Naka mai biyayya,
Tsohon kafinta, da dangwalen babban yatsa